Wanda Ke Mutuwa Kowace Talata

A hawa na uku na asibitinmu a Cochabamba,
ɗakin da a da ake koyar da wankan jarirai,
can muka kwantar da Don Anselmo.
Roba ne. Lantarki ke ɗaga ƙirjinsa ya sauke,
idonsa na ƙiftawa kamar mai shirin tambaya.
Kowace Talata sai ya mutu a hannunmu.

Delfina Ticona ce muryarsa.
Tana bayan gilashi da makirufo da agogo,
ta yi masa tari, ta yi masa nishi,
ta ce, "Numfashi ya ƙi, 'yata,"
sannan ta latsa maɓalli, iskar jininsa ta gangara:
tamanin da takwas, tamanin da ɗaya, saba'in.

Mu kuwa riga kan riga,
safar hannu bibbiyu, takunkumi ya ci karan hanci,
tabarau ya yi gumi, ba ka gane kowa
sai da sunan da aka rubuta masa a ƙirji.
Rómulo ya yar da bututu.
Ni na buɗe marfi ban tsayar da iska ba.
Anselmo ya cika ƙarfe goma da kwata,
ya sake cikawa kafin abincin rana.
"A koma farko," in ji Delfina,
sai mamaci ya buɗe ido.

Tuɓe kayan ya fi sa su wuya.
Takan shafa masa wata hoda a baki ba mu sani ba,
in mun tuɓe, ta kashe wuta, ta kunna shuɗiyar fitila.
Ran nan na ga sawun yatsana a wuyana
yana ƙyalli kamar idon kyanwa a duhu,
daidai inda ɗana ke cusa fuska in na koma gida.
Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Yau hoda ce. Sake."
Na sake sau goma sha ɗaya.

Mun tsane ta, ba zan ɓoye ba.
A layin shayi har kwaikwayon tarinta muke yi.

Sai Yuni ya zo da sanyinsa,
ƙanƙara ta yi wa dutsen Tunari farar hula,
mutane na kwana a titi rungume da tukwanen iska.
Aka sauke Anselmo, aka jingine shi a lungu,
mai rai na bukatar gadon.
A ƙasa babu gilashi, babu maɓalli.
Wanda ya rufe ido ya rufe ke nan,
sai mu goge katifa, mu kira na gaba.

Daren wata Alhamis aka turo gado,
na jiyo tarin tun daga ƙofa.
Na san shi. Wata uku ina jin sa ta lasifika.

Saba'in da huɗu.
Leɓenta ya yi toka-toka, idonta na kan agogon bango.
Rómulo a kai, ni a dama, Yolanda da allura.
Zuciyata ta tsere ta bar ni,
amma hannuwana suka tsaya,
suka bi hanyar da suka taka sau ɗari
kamar jakin da ya san gida ko mai shi na barci.
Ba wanda ya yar da komai.

Kwana goma sha tara inji na numfasa mata.
Da aka zare bututun ta yafuto ni,
murya kamar ana jan tsintsiya a siminti:
"Daƙiƙa nawa?"
Na ce talatin da takwas.
Ta lumshe ido. "Talatin na koya muku."

Har yau huhunta bai iya hawa benen.
Ni ke zama bayan gilashi yanzu,
agogonta a hannuna, madaurinsa ya yi mini yawa.
Yara shida sababbi sun kewaye Anselmo,
ɗaya ta sa rigarta a baibai.
Na matso da makirufo, na yi tari.
Ba nawa ba ne, aro na yi.